Daga Ikko Zuwa Gatan Kowa: Abin Da Sunayen Unguwannin Legas Ke Faɗa



Duk wanda ya taɓa sauka a Legas ya san kafin ka san garin sai ka fara haddace sunayensa daga bakin yaran mota. Suna rataye a ƙofar danfo suna rafka kira: Oshodi, Obalende, Ojuelegba, Agege. Baƙo yana jin su kamar surutu kawai. To amma da yawa daga cikinsu magana ce cikakkiya, ta Yarbanci ko ta mutanen Binin ko ta Turawan Fotugal ko ma ta Hausa, wadda baki ya yi ta taunawa har ta gajarce. In ka warware su za ka tarar galibinsu amsar tambaya ɗaya suke bayarwa: su wane ne suka zo nan, kuma da ƙafarsu suka zo ko koro su aka yi?

Mu fara da sunan garin kansa. Kakanninmu fatake Ikko suke cewa, kuma har gobe za ka ji tsofaffi suna cewa wane ya tafi Ikko. Wannan ita ce Eko ta Yarbawa a bakin Bahaushe. Legas kuwa daga Lagos ta fito, kalmar Turawan Fotugal mai nufin tafkuna. A 1472 wani matuƙin jirgin ruwansu, Rui de Sequeira, ya biyo ta wannan gaɓa ya sa wa tafkin da ke haɗe da teku suna Lago de Curamo. Akwai kuma wani gari a kudancin Fotugal mai suna Lagos, tashar jiragen ruwa ce, inda a 1444 aka yi babban gwanjon bayin da aka kamo daga Afirka, shi ya sa wasu ke ganin sunan garinsu suka kwaso suka liƙa wa namu. A takardun masu cinikin bayi kuma an daɗe ana kiran wurin Onim, sunan da yanzu babu mai tunawa da shi.

Rigimar tana kan Eko. Aworawa, wani reshe na Yarbawa da suka riga kowa zama a yankin, suna cewa asalin kalmar oko ce, wato gona. Labarinsu shi ne kakansu Olofin ya taso daga Ile-Ife, aka ba shi wani kasko aka ce ya ɗora shi kan ruwa ya bi shi, duk inda ya nitse nan ne mazauninsa. Kaskon ya yi ta tsayawa yana wucewa har ya nitse a wannan yanki, aka ce "awo ri", kasko ya nitse, daga nan sunan ƙabilar ya samo asali. Olofin ya zauna a Iddo, ɗansa Aromire kuma ya riƙa haye ruwa zuwa tsibirin da ke gabansu yana noman barkono. Gonar ce, in ji su, ta zama gari.

Mutanen Binin kuwa suka ce a harshensu eko sansanin yaƙi ne, kuma dakarun sarkinsu ne suka kafa shi. Suna da shaida mai ƙarfi. A 1603 wani likita Bajamushe, Andreas Ulsheimer, ya zo a jirgin 'yan Holan, ya kuma rubuta cewa ya tarar da gari mai shinge cike da sojojin Sarkin Binin. Sannan ka dubi tsoffin unguwannin tsibirin, irin su Idumota da Idumagbo. Wannan "idu" da ke farkonsu 'yar uwar kalmar da ake kiran unguwa da ita ce a birnin Binin. Gidan sarautar Legas ma yana danganta kansa da Ashipa da ɗansa Ado, waɗanda Binin ta naɗa.

Ni a ganina ba sai an ƙaryata ɗaya kafin a gaskata ɗaya ba. Gona ta riga, sansani ya zo ya sauka a kanta. Fadar Sarkin Legas ma sunanta Iga Idunganran, wanda ake fassarawa da fadar da aka gina a gonar barkono: ga "idun" ta Binin, ga barkonon Aromire, a cikin kalma ɗaya. Sai dai kada ku ɗauka wannan musun malaman harshe ne kawai. A ƙarshen 2023 da Sarkin Binin Ewuare na Biyu ya ziyarci Legas ya ce kakanninsa ne suka kafa garin, sarakunan Aworawa ca suka yi masa, aka kwashe kwanaki ana martani a jaridu. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya raɗa sunan shi ake ɗauka mai gari, a garin da taki ɗaya na ƙasa ya fi gonar wani tsada.

Wannan alaƙa ta suna da ƙasa ba sabuwa ba ce. Zuriyar Olofin su ne sarakunan da ake kira Idejo, masu fararen huluna, kuma su ne iyayen ƙasa. Sarautunsu a ɗaure suke da sunayen wurare: Onikoyi mai Ikoyi, Ojora mai Ijora, Oloto mai Oto, Oniru mai Iru. Iru ɗin nan ita ce Turawa suka mayar tsibirin Victoria don girmama sarauniyarsu. Ɗaya daga cikin waɗannan sarakuna, Amodu Tijani mai sarautar Oluwa, ya kai gwamnatin mulkin mallaka ƙara kan filayen Apapa da ta ƙwace. Ya tafi har Landan tare da Herbert Macaulay, kuma a 1921 kotun ƙoli ta daular Ingila ta yanke cewa filin na jama'arsa ne, dole a biya diyya. Babban titin da ya ratsa Yaba sunan Macaulay yake ɗauke da shi yau.

Daga tsakiyar ƙarni na 19 ne sunayen suka fara zuwa kamar ruwan sama. A Disamban 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin luguden wuta, suka kori Sarki Kosoko suka maido da Akitoye. Yarbawa suna kiran wannan yaƙi Agidingbi, kwaikwayon rugugin igwa. Shekara goma bayan haka, ranar 6 ga Agusta 1861, ɗan Akitoye, Dosunmu, ya sa hannu a takardar miƙa Legas ga Ingila. Turawa ba su iya faɗin sunansa ba, suka rubuta Docemo, kuma a haka sunan ya zauna a kan wani titin kasuwa a tsibirin har yau. Su ma Yarbawa sun rama. Akwai wani ɗan kasuwa Bature, William McCoskry, wanda ya riƙe muƙamin gwamna na ɗan lokaci a wancan zamani. Jan gemu gare shi, sai suka riƙa kiransa Apongbon, mai jan gemu. Yau dubban mutane suna sauka a Apongbon kullum, da wuya ka sami ɗaya da ya san gemun wani yake ambata.

Kosoko da mutanensa Epe suka gudu. A 1862 aka yarje musu su dawo, aka yanka wa mabiyansa fili a gabashin tsibirin, wurin ya zama Epetedo, inda mutanen Epe suka yada zango. Jagoransu shi ne sarkin yaƙin Kosoko, Oshodi Tapa, wanda ya rasu a 1868. Tapa kuwa sunan da Yarbawa ke kiran Nufawa ne. Ana ba da labarin cewa yana yaro aka kawo shi fadar Legas a matsayin bawa, ya tashi ya zama na hannun daman sarki, ya iya harshen Fotugal, ya yi arziki. Ke nan sunan da ya fi kowane suna yawo a bakin yaran motar Legas yana komawa ne ga mutumin da ya fito daga bakin Kwara. A Epetedo akwai titin Oshodi, akwai titin Tapa.

Sauran baƙin wancan lokaci kowa da unguwarsa. Bayin da Ingila ta ƙwato a teku ta sauke a Saliyo, da suka dawo aka kira su Saro, suka zauna a Olowogbowo. Waɗanda suka dawo daga Birazil da Kyuba aka kira su Aguda, unguwarsu Popo Aguda, inda dandalin Campos yake. Cikinsu akwai Musulmi da yawa, musamman bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahia a 1835, wanda akasarinsu Yarbawa ne amma da Hausawa a ciki. Daga cikin Saro aka sami attajiri Muhammadu Shitta, wanda ya gina masallacin da aka buɗe a 1894 a titin Martins. Sarkin Daular Usmaniyya ya aiko masa da lambar girma ta Bey, sunan masallacin ya zama Shitta-Bey. A 1867 kuma aka kori Kiristocin mishan daga Abekuta, Gwamna Glover ya ba su fili a Ebute Metta, wato matsayar kwale-kwale uku. Wanda ya san Kano ba zai yi mamakin wannan tsari ba. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, duk irin wannan rajista ce ta baƙi.

To ina namu suke?

Glover ɗin nan, John Hawley Glover, sojan ruwa ne da jirginsu ya taɓa fashewa kusa da Jebba a 1857, ya kuma san 'yan Arewa tun daga can. A 1863 ya tara wasu 'yan tsirarun Hausawa a Legas, mafi yawansu bayi ne da suka gudu daga hannun iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Sun yi yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, kuma rundunar sojan Najeriya ta yau daga wannan ƙaramar ƙungiya take ƙirga shekarunta. Abin da ya dame mu a nan shi ne masaukinsu. Bayanin da mutanen Legas ke bayarwa shi ne da farko sojojin suna zaune ne a cikin gari, da gwamnati ta bukaci filin sai aka kwashe su zuwa wani fili mai dausayi a bakin Ikoyi. Sabon wurin aka kira shi Obalende, ma'ana inda sarki ya koro mu. Ku lura da abin nan: jimlar ta Yarbanci ce, amma waɗanda aka kora ɗin namu ne. Tun daga lokacin Obalende ba ta rabu da Hausawa ba, kuma ba banza ba ne tsiren Obalende ya yi suna a duk faɗin garin.

Kusa da nan ne barikin Dodan yake. Bahaushe da ya ji sunan zai ɗauka dodo ake nufi, kuma in aka dubi irin hukuncin da ya riƙa fitowa daga wurin a zamanin mulkin soja, ba za a ga laifinsa ba. Amma Dodan wuri ne a ƙasar Bama inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Haka barikin Arakan na Apapa da na Myohaung a Yaba, haka Kalapanzin a Kaduna. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi samarin ƙauyukanmu ne da aka ɗiba, waɗanda suka dawo ake ce musu 'yan Bama. A barikin Dodan Gowon ya zauna, kuma a hanyarsa ta zuwa can aka harbe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976. Daga nan aka ci gaba da mulkin ƙasar har aka koma Abuja a Disamban 1991.

Hanya ta biyu da sunayenmu suka shiga Legas ita ce kasuwa, kuma nan ne na fi son mu daɗe. An fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a 1896, ya isa Badun a 1901, ya isa Kano a 1911. Kafin jirgi, Bahaushe Gwanja yake zuwa neman goro, tafiyar watanni da jakuna. Da aka fara shuka irin wannan goro a ƙasar Yarbawa, Agege na cikin wuraren da suka fara, ga kuma tashar jirgi a bakin gona. Sai fatake suka juya akala. Har yau Yarbawa suna kiran wannan goro gbanja, wato Gwanja. Su kansu mutanen Agege suna danganta sunan garinsu da Hausawa: wai 'yan ci-rani ne suka riƙa sare itatuwa suna sayarwa, ake kiran wurin da "a ge igi", masu saran itace, baki ya mayar da shi Agege. Ko da mutum ya ɗauki wannan a matsayin labarin da aka ƙera daga baya don ya dace da sunan, abin lura shi ne da mutanen gari suka tashi bayanin asalinsu sai da suka sako Bahaushe a ciki. Kuma zangon Agege da sarautar Sarkin Hausawan Agege suna nan.

Kalmar zango ma ta shiga Yarbanci ta zama Sango, kamar Sango Ota da ke kan iyakar Legas da Ogun. Mai karanta ta a rubuce zai iya zaton gunkin tsawar Yarbawa ne, alhali masaukin fatake da shanu ne. Haka Sabo ta Yaba da Sabo ta Ikorodu. Mu a Arewa Sabon Gari unguwar 'yan Kudu ce, su kuma a Kudu Sabo unguwar 'yan Arewa ce, kalma ɗaya tana aiki biyu, kowane ɓangare yana nuna baƙonsa da ita. A hanyar Badagry akwai Alaba Rago, kuma ragon nan namu ne na layya, don da cinikin tumaki kasuwar ta kafu. A bakin gari ta hanyar Badun akwai Kara, kasuwar shanu, wadda ba ta bukatar fassara. Mile 12, inda motocin tumatir da albasa da tattasai ke sauke kaya, ba komai ba ce illa lambar mil da ke kan hanyar Ikorodu, tamkar Miltara ta Kano. Idi-Araba kuwa, wadda take cike da Hausawa kusa da asibitin koyarwa na jami'ar Legas, Yarbanci ce tsantsa, amma araba ita ce rimi. Da mu muka raɗa sunan da Gindin Rimi za mu ce.

Akwai wani rukuni na daban, na allon gwamnati. A Ebute Metta akwai titin Kano da na Borno, jere da na Badun da Abekuta da Jebba. Filin sukuwar dawakin Turawa ya zama dandalin Tafawa Balewa. Ga titin Ahmadu Bello a tsibirin Victoria, ga filin jirgin sama na Murtala a Ikeja. Waɗannan abin alfahari ne, amma ni ba na ba su nauyin da nake ba Alaba Rago. Sunan da hukuma ta rubuta, hukuma na iya gogewa. Titin Broad, babban titin bankuna, an mayar da shi titin Yakubu Gowon lokacin da yake kan mulki, da aka hamɓarar da shi a 1975 titin ya koma sunansa na da. Ko a 2025 an yi ta cece-kuce da wasu ƙananan hukumomin Legas suka sauya sunayen tituna da tashoshin mota, ciki har da tashar Charly Boy a Bariga, wasu na zargin ana so a share sawun waɗanda ba 'yan asalin jihar ba ne. Rago kuwa babu kansilan da ya zauna ya amince da shi, don haka babu takardar da za a janye.

A nan ya kamata in ja kunnen masu son yaɗa irin waɗannan bayanai. Akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa Ikeja wai taƙaitawa ce ta haruffan farko na sunan wata hukumar Turawa da ta haɗa Ikorodu da Epe. Labari ne mai daɗin ji, amma ƙauyen Aworawa ne da yake nan da sunansa tun kafin a yi wata hukuma. Duk sunan da fassararsa ta zo daidai wa daida kamar an auna, a tsaya a bincika.

Koron da ya haifi Obalende bai tsaya a kan sojoji ba. Bayan annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta auka wa garin a 1924, gwamnati ta kafa hukumar tsara birni a 1928. A shekarun 1950 wannan hukuma ta rushe wani yanki na tsakiyar tsibirin ta kwashe mutanen zuwa sababbin gidaje a hayin ruwa. Wurin shi ne Surulere, haƙuri yana da riba, kuma "suuru" ɗin nan daga sabr ta Larabci take. Ba na jin akwai sunan da ya fi dacewa da mutumin da aka raba da gidan kakansa. Ajegunle, unguwar talakawan da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Apapa, ma'anarta arziki ya sauka nan. Maroko kuwa ko irin wannan lallashi ba ta samu ba. A Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka sa katafila ta baje ta, aka watsa mutanen da aka ƙiyasta sun kai dubu 300. Filin yanzu manyan gidaje ne masu sunan Oniru da Lekki, kuma yaron da aka haifa bayan nan zai iya ratsa wurin kullum bai taɓa jin kalmar Maroko ba.

A Abule Egba, wato ƙauyen Egbawa, akwai wata babbar kasuwar gwanjo da talakan Legas ke zuwa ya yi sutura da kuɗi kaɗan. Jaridu sun kasa daidaita yadda ake rubuta sunanta. Wani ya rubuta Katangua, wani Katangowa, wani Kotangora kamar garin Kwantagora ake nufi, wani kuma Gatankowa. Bahaushe dai da ji ɗaya ya san Gatan Kowa ce. Shekaru ke nan gwamnatin jihar tana maganar kwashe kasuwar kwamfuta da wayoyi ta Ikeja ta mayar da ita wannan fili, 'yan gwanjo kuma a nema musu wani wuri. A takardun shirin, Katangowa aka rubuta.